Daga sandar katako zuwa kilo 105

Ba rage ƙiba ce ta kai ni ɗaga ƙarfe ba, gasa kuwa ko a mafarki ban taɓa kawo ta ba. Mahaifiyata ce ta zame a banɗaki, ƙashin kwatangwalonta ya karye, aka yi mata aiki, jinyarta ta faɗo kaina. Wata biyu ina fama da abu guda, yadda zan ɗago ta daga gado in zaunar da ita a kujera. Ba ta kai kilo 55 ba, amma duk ranar da na ciccibe ta sai in kwana ina juyi saboda ciwon baya. Likitan da ya yi mata aikin ne ya bayyana mini cewa ƙashinta ya riga ya zaizaye tun kafin faɗuwar, don mace idan ta daina ganin al'ada sinadarin da ke riƙe mata ƙwarin ƙashi yakan yi ƙasa, ƙashin ya riƙa raguwa a ɓoye. Ya dube ni ya ce, "Ke ma ki fara tanadi tun yanzu. Ƙashi kamar tsoka yake, in ba a ɗora masa nauyi ba lalacewa yake yi." Shekarata 38 a lokacin. Daga wannan magana zuwa ranar da na ɗaga kilo 105 daga ƙasa a gaban alƙalai uku wata goma sha shida ne, kuma a cikinsu wata uku na zubar a banza, mako shida kuma na yi su ina jinyar kaina. Duka biyun rashin sani ne, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Asibiti na fara zuwa, kuma ko yau za a sake lale nan zan fara. Na shafe safiya guda a layi kafin in ga likita, na gaya mata abin da nake shirin yi. Ta auna jinina, ta saurari zuciyata, ta tambaye ni ko ina da ciki, ko an taɓa yi mini aikin ciki, ko ina da ƙaba, ko nakan ji jiri ko ciwon ƙirji in na hau bene. Dalilin awon jinin shi ne mai ɗaga nauyi yakan riƙe numfashi na ɗan lokaci, jini kuwa yakan hau sosai a wannan ɗan tsakanin, don haka wanda ke da hawan jinin da ba a shawo kansa ba sai ya daidaita shi tukuna. Ta tura ni gwajin jini, na jira mako guda, sakamako ya nuna ina da ɗan ƙarancin jini, ta rubuta mini magani, ta ba ni takarda mai layi uku cewa babu abin da zai hana ni motsa jiki. Akwai tambaya ɗaya da ta yi mini na yi mata ƙarya. Ta ce, "Fitsari yakan zubo miki in kin yi atishawa ko tari?" Na ce a'a, alhali tun haihuwata ta uku yakan faru jefi-jefi. Kunya ce ta hana ni, kuma zan dawo kan wannan, don ta biyo ni har gaban ƙarfe.

Sai gidan motsa jiki. A teburin karɓar baƙi aka miƙo mini fam mai shafi huɗu: suna, katin shaida, lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, tambayoyin lafiya, da wani sakin layi da ke cewa duk raunin da na ji alhakina ne. Na liƙa takardar likita, na biya kuɗin rajista, sannan aka lallaɓe ni na sa hannu a yarjejeniyar shekara guda saboda wai ta fi sauƙi in an raba ta wata-wata. Kuskurena na farko ke nan, don ban ma leƙa ɗakin ƙarfe ba na sa hannun. Wani saurayi ne ya zagaya da ni, ya nuna mini injin gudu da keken da ba ya zuwa ko'ina da wasu 'yan ƙarafa masu launin ruwan hoda na kilo biyu-biyu. Da na nuna masa ɓangaren da ake jin ƙarar ƙarfe na ce can fa, sai ya yi murmushi ya ce, "Anti, waɗancan na maza ne, za su buɗa miki kafaɗa." Na yarda, saboda abin da ke raina ya faɗa. Wata uku ina zuwa sau huɗu a mako, in yi gumi a kan injin gudu, in ɗaga kilo biyu sau talatin, in koma gida ina ganin na yi aiki. Numfashina ya gyaru, ba zan musa ba. Amma da na gwada ɗago mahaifiyata, bayan nan dai shi ne, ciwon nan ma shi ne.

Ranar da abin ya juya, wata mata na hango ta tagar gilashi, furfura a goshinta, ba ta fi ni jiki ba. Sandar ƙarfe ce a gabanta da faifai shuɗi biyu-biyu a kowane gefe. Ta sunkuya, ta kama, ta miƙe tsaye da shi kamar mai ɗaukar bokiti, ta mayar, ta sake, har sau biyar. Daga baya na san kilo 100 ne. Na jira ta gama, na gaishe ta na ce, "Mama, don Allah abin nan ba ya karya baya?" Ta yi dariya ta ce, "Ƙanwata, shekara goma sha ɗaya ina yi, bayan ne ma ya daina damuna." Ashe koci ce mai zaman kanta, takan yi hayar wurin ta horar da mutanenta. Sunan wannan ɗagawar dedlif, in ji ta, wato ɗaukar ƙarfe daga ƙasa yana ajiye ba motsi har mutum ya miƙe sambal. Na gaya mata tsorona na komawa kamar namiji. Ta ce sinadarin testosteron da ke hura tsoka ya ninka a jinin namiji fiye da sau goma a kan na mace, kuma matan da nake gani a hoto da ƙwanji kamar an hura su shekaru suka kwashe suna neman hakan da gangan, wasu ma da ƙwayoyi. Ba ta da gurbi a lokacin, sai da na jira mako uku. Kuɗinta daban ne da na gidan motsa jiki, ana biya na zama goma a dunƙule, kuma shi ne kuɗin da ban taɓa da-na-sanin kashewa ba a duk wannan tafiyar.

Zaman farko ko ƙarfe ba ta bari na taɓa ba. Ta ce in cire takalmin gudu, saboda tafinsa laushi ne kamar katifa, wanda zai ɗaga nauyi kuwa ƙasa mai tauri yake buƙata a ƙarƙashin ƙafarsa. Ta miƙo mini sandar katako ta ce in kwantar da ita a bayana, ta taɓa wuri uku: ƙeyata, tsakanin kafaɗuna, da ƙarshen ƙashin bayana. Sai in tura ƙuguna baya kamar mai son rufe ƙofa da mazaunanta hannu cike da kaya, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, ƙirji ya sauko, sandar kuma kada ta rabu da wuraren nan uku. Na ɗauka wasan yara ne. Sau ashirin na gwada, sau ashirin sandar na barin ƙeyata ko ƙuguna, don ko dai in tsuguna ko in gantsare ko in ƙudundune bayan. A nan na gane cewa shekara talatin da takwas ban san yadda ake sunkuyawa ba, da gadon baya nake ɗaukar komai, cinya da mazaunai suna hutu. Mako biyu muka yi a kan sandar nan da wani ƙarfe mai mariƙi na kilo 12. Raina ya ɓaci, har na ce mata, "Koci, kuɗi fa na biya in ɗaga ƙarfe." Ta ce, "Kin biya ne in hana ki karya kanki. Ƙarfen ba inda za shi."

A mako na uku ta kai ni gaban sanda, ta fara da koya mini sunayen kaya, abin da da na sani tun farko da ban sha kunyar lissafi ba. Sanda iri biyu ce. Babbar kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2. Akwai ƙarama ta kilo 15 wadda kaurin mariƙinta milimita 25 ne, an yi ta ne don tafin hannun mata. Faya-fayan kuma launi ne ke faɗar nauyinsu: ja 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. Manyan duk faɗinsu ɗaya ne, santimita 45, shi ya sa sanda take tsayawa daidai tsakiyar ƙwauri. In kika sa ƙananan faifai na ƙarfe zalla, sandar za ta yi ƙasa sosai, dole bayanki ya lanƙwashe kafin ki kai gare ta. Saboda haka ta sa mini na roba masu kilo biyar-biyar waɗanda faɗinsu ya kai na manya, jimilla kilo 25. Ga yadda ta jera mini tsayuwar, kuma har yau haka nake bi kamar karatu. Ƙafa a buɗe gwargwadon faɗin ƙugu, sanda ta ratsa tsakiyar ƙafa in kin leƙa ƙasa. Ki sunkuya ki kama ba tare da kin motsa sandar ba. Ki kawo ƙwauri ya taɓa ta. Ki matse hammata kamar kin maƙale takarda ba ki so ta faɗi. Ki ja numfashi ki cika ciki da shi, ciki fa, ba ƙirji ba, ki ɗaure shi tamau kamar wani zai naushe ki. Ki ɗan ja sandar har ki ji ta yi ƙas ta kama faifan. Sannan ki tura ƙasa da ƙafafunki, sanda tana gogar ƙafa har ki miƙe. Da na miƙe da kilo 25 ɗin nan, abin da ya ba ni mamaki shi ne inda na ji aikin: bayan cinyoyina da mazaunaina. Bayan da nake tsoro ko gezau bai yi ba.

Washegari da jibi kuwa na san na yi aiki. Jikina ya yi tsami, saukowa daga bene sai da dafa bango, zama a kujera sai da salati. Na kira koci ina cewa na ji rauni. Ta ce tsamin jiki ne, yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon aiki, kuma maganinsa tafiya da motsi, ba kwanciya ba. Ta koya mini bambanci: tsami yana bazuwa ne a nama, yana sauƙi in jiki ya ɗumama, rauni kuwa suka ce a wuri guda wadda motsi ke ƙara ta. Bayan mako biyu tsamin ya daina zuwa da wannan ƙarfin.

Daga nan sai littafi. Ta sa na sayi ƙaramin littafin rubutu, kowane zama in rubuta kwanan wata, nauyi, sau nawa, zagaye nawa, da yadda na ji. Kwana uku a mako muke yi, da hutun kwana guda a tsakani. Tsuguno da sanda a kafaɗa, turawa a kwance kan benci, turawa sama da kai a tsaye, jawo ƙarfe zuwa ciki, dedlif kuma sau ɗaya ko biyu a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, kwana biyu ko fiye a mako ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa manyan tsokoki, kin ga uku ba wuce gona da iri ba ne. Ƙa'idar ƙari ɗaya ce: in kin kammala duk abin da aka rubuta miki bayanki bai lanƙwashe ba, zama na gaba a ƙara kilo biyu da rabi, wato ɗan faifai na kilo ɗaya da kwata a kowane gefe, abin da za ki iya sawa a aljihu. Na raina shi. Amma cikin wata biyu na kai 40, a wata na huɗu na koma babbar sanda da shuɗi ɗai-ɗai, kilo 60, a na bakwai 80. Koci ta ce kada in ruɗe da saurin farko, yawancinsa ba sabuwar tsoka ba ce, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon yadda za su tattara tsokar da nake da ita ta yi aiki tare. Ta gargaɗe ni cewa saurin zai ƙare. Na ji da kunne kawai.

Hannu ne ya fara kawo cikas. Daga kilo 70 sanda ta fara zamewa daga yatsuna alhali ƙafafuna suna da sauran ƙarfi. Na je na sayo safar hannu, ta ƙara wa mariƙin kauri, abin ya ƙara lalacewa, na jefa ta cikin akwati tare da ɗamarar matse tumbi da na saya a watannin injin gudu. Maganin alli ne, wani farin gari da ke shanye gumi, da sauya riƙo: tafin hannu ɗaya yana kallona, ɗaya yana kallon gaba, yadda sanda ba za ta mirgina ba. Tafin hannuna ya yi kanta a gindin yatsu. Ba wanda ya gaya mini ana goge ta da dutsen goge ƙafa, sai da guda ta yi tudu ta ɓare a tsakiyar ɗagawa, jini ya ɓata sandar, na yi mako guda da filasta. Ƙwaurina ma ya sha kuje kafin in koma doguwar safa.

A kilo 85 na tsaya cik. Mako biyar ina zuwa, ƙarfe ya ƙi ƙaruwa, wani lokaci ma 80 sai ta yi mini nauyi. Koci ba ta duba yadda nake ɗagawa ba, tambayata ta yi me nake ci, awa nawa nake barci. Barcin awa biyar ne, abincin kuwa na rage shi da gangan, saboda ma'auni ya nuna na ƙaru da kilo uku na tsorata, duk da siket ɗina sun yi mini yawa a ƙugu. Ta ce ba a gini ba bulo. Ta lissafa mini abinci mai gina jiki kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jikina a rana, wato wajen giram 110 a wurina, a rarraba shi cikin yini. Ta rage mini nauyi zuwa 75 na mako guda don jiki ya huta, sannan ƙarin ya koma sau ɗaya a mako biyu. Haka na rarrafa zuwa 87.5. Na kuma lura a littafina cewa kwana biyu kafin al'adata komai yakan yi mini nauyi. Wata abokiyar horona ita ba ta jin wani bambanci ko kaɗan, don haka kowacce ta duba nata littafin.

Sai wautar da na yi a wata na tara. Koci ta yi tafiya ta mako biyu, ta bar mini rubutaccen tsari. Ranar Juma'a na zo ban yi barci ba, na ga wata yarinya da muka fara kusan tare ta ɗaga 100, zuciya ta ɗebe ni. Na ɗora shuɗi biyu-biyu, daga 87.5 kai tsaye. Sanda ta bar ƙasa da ƙyar, ta yi nesa da ƙafata, na ji bayana yana lanƙwashewa, maimakon in saki sai na ci gaba da fizga. Wani abu ya kama ni a ƙasan baya ta dama kamar an soka mini ƙusa. Da ƙyar na sa takalmi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, ni nawa na kilo goma sha biyu da rabi ne. Kwana huɗu na jira kafin in samu ganin likitar fisiyo, mai jinyar tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ina kwance ina tunanin ƙashin bayana ya goce. Ta tambaye ni ko ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, ko na daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko fitsari da bayan gida sun ƙwace mini ko sun ƙi fita. Ta ce da akwai irin waɗannan, musamman na ƙarshen, ba jiran layi ake yi ba, sashen gaggawa ake nufa a ranar. Ni babu ko ɗaya. Ta lanƙwasa ni, ta miƙe ni, ta ce tsoka ce ta yi rauni, ba buƙatar hoto, kuma kwanciyar da nake yi ita ke ƙara sandarar da bayan. Zama shida muka yi cikin mako shida, kowanne da kuɗinsa, wanda in aka haɗa ya fi na koci na wata biyu.

A zama na biyu ne ta sake yi mini tambayar da na yi wa likitar farko ƙarya a kanta, wannan karon na faɗi gaskiya, har na ƙara da cewa tun da na wuce kilo 75 nakan ji ɗigon fitsari a tsakiyar ɗagawa, shi ya sa nake sa baƙin wando kullum. Ko a fuska ba ta nuna mamaki ba. Ta ce abu ne da ya yawaita a tsakanin mata masu ɗaga nauyi, har waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, kuma yana da gyara. Tsokokin ƙasan mara, waɗanda ke tallafe da mafitsara, su ma tsoka ne, ana horar da su. Kuskurena shi ne in na ɗaure ciki sai in yi nishi ƙasa kamar mai naƙuda. Ta koya mini in fara ɗage ƙasan marar sama kafin in cika ciki da iska, in baza matsin zuwa gefe da baya, ta ba ni atisayen matsewa da saki na kullum. Bayan wata uku abin ya zama sai nadiran. Da na faɗa tun ranar farko, da ban yi wata da watanni ina ɗagawa da fargaba ba. Ita ce kuma ta ba ni labarin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Griffith ta Ostareliya, aka wallafa a 2018, lokacin da na ce mata ina ganin gara in haƙura da ƙarfe mai nauyi. Mata 101 da suka daina al'ada, masu raunin ƙashi, aka raba su biyu. Rukuni ɗaya suka yi dedlif da tsuguno da turawa sama da nauyi sosai, minti 30 sau biyu a mako, wata takwas, ƙarƙashin kulawar masu horarwa. Ƙwarin ƙashin ƙasan bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, na waɗanda suka yi atisaye mai sauƙi a gida kuwa ya ragu. Ta ce, "Yaya, nauyi ba shi ya ji miki ciwo ba. Tsallen da kika yi ne."

Da koci ta dawo ta karanta littafina, ta ga inda na rubuta 100 da alamar tambaya, ba ta ce komai ba, ta rubuta 40 a ƙasansa. Daga can muka sake hawa, amma wannan karon wata biyu kawai ya ɗauka in dawo 85, don jiki ba ya manta abin da ya koya. A lokacin ne ta yarda na sayi bel na fata mai faɗin santimita 10. Na daɗe ina zaton bel shi ke riƙe baya. Ashe bango ne da ciki zai tokara, in ba ki iya ɗaure ciki ba babu abin da zai tsinana miki.

Ita ta kawo maganar gasa daga baya. A nan ma na sha ruɗani, don wasa biyu ne mabambanta da mutane ke haɗawa. Akwai wanda ake yi a Olamfik, inda ake fizgar ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai. Mata sun fara gasar duniya a wannan a 1987, Olamfik kuwa sai a Sidni a 2000 aka buɗe musu. Namu shi ne na ɗagawa uku, tsuguno da benci da dedlif, kuma a cikinsa mace da namiji duk sanda mai kilo 20 suke amfani da ita. Rajistar mataki-mataki ce: katin zama mamba na ƙungiya na shekara guda da hoto da shaidar haihuwa, wanda ya ɗauki mako biyu kafin ya fito, sai fam na gasar kanta da kuɗinsa daban, sai takardar amincewa da dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Na zaɓi ajin kilo 69 tunda nauyina 68 ne, koci ta hana ni ko tunanin ragewa zuwa 63. Abin da ya fi damuna sutura ce, don rigar gasa matsattsiya ce mai barin hannu da cinya a waje. Na san a ɗaya wasan an sauya doka tun 2011, bayan ƙorafin Kulsoom Abdullah, aka yarda da rigar da ke rufe jiki duka, har Sara Ahmed ta Masar ta ci tagulla a Riyo a 2016 da kanta a rufe. Amma kowace ƙungiya da littafin dokarta. Na rubuta wa masu shirya gasar, na jira kwana goma, amsa ta zo cewa zan iya rufe kai in sa doguwar riga da dogon wando a ciki, muddin sun kama jiki yadda alƙali zai ga gwiwa da gwiwar hannu sun miƙe. Na buga amsar a takarda na tafi da ita, kuma ta yi amfani, don mai duba kaya ya so ya yi gardama.

Ranar gasa awa biyu kafin farawa aka auna mu, mata ne suka auna mata a ɗaki rufe, na zo 68.3. A nan ake rubuta nauyin farko na kowace ɗagawa, don kowace ɗagawa sau uku ake ba mutum damar gwadawa. Koci ta ce in fara da abin da zan iya ɗagawa sau uku ko da zazzaɓi nake, saboda in kika faɗi ba a ragewa, sai dai ki maimaita ko ki ƙara, wadda kuma ta faɗi duka uku a ɗagawa guda ba ta da jimilla. Jira ne ya fi komai yawa. Tsuguno da benci suka cinye yini, sai bayan awa biyar aka zo dedlif, ƙafafuna sun yi sanyi, cikina yana ƙugi. Da aka kira sunana minti ɗaya gare ni in fara. Kilo 95 ta tashi salin-alin, fitila uku farare, alamar alƙalan uku sun amince. Na nemi 105. A gasa maƙullan gefe da ke riƙe faya-fayan ma kilo biyu da rabi ne kowanne, don haka ja ɗaya da rawaya ɗaya ne a kowane ɓangare. Na ja, ta wuce gwiwa, na miƙe, murna ta kwashe ni na saki ƙarfen ya faɗi kafin alƙalin gaba ya sauke hannu ya ba da umarnin ajiyewa. Fitila uku duk ja. Na ɗaga, amma ba a ƙirga ba. Na koma bayan labule hawaye na zuba, koci ta riƙe kafaɗuna ta ce, "Kin riga kin ɗaga ta. Yanzu tsayawa kawai za ki yi ki kalli hannun mutumin nan." Bayan minti goma sha biyu na dawo. Wannan karon ta fi nauyi, ta tsaya a saman gwiwa kamar ba za ta wuce ba, na ci gaba da tura ƙasa har kafaɗuna suka koma baya. Na tsaya ina kallon hannunsa, daƙiƙa biyu da suka yi mini kamar shekara. Ya sauke, na raka ƙarfen har ƙasa hannuna a kai. Fari biyu, ja ɗaya, kuma biyu sun isa. Ta bakwai na zo cikin tara.

Da za a mayar da ni farko, wata guda kawai zan biya a gidan motsa jiki, kuma kafin in biya sai na ga sanda da faya-fayan roba da maratayin tsuguno da idona, na tambaya ko ana barin alli. Zan nemi mai horarwa tun makon farko, in tsaya in kalli yadda take koyar da sabon shiga kafin in ba ta kuɗina, don wadda ta ɗora miki nauyi ranar farko ba ta san aikinta ba, haka ma wadda ta bar ki a kilo biyu wata uku. Zan gaya wa likita gaskiya duka. Kaya kuwa takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafi da doguwar safa da alli da littafi sun isa shekarar farko. Kuma umarnin alƙali zan yi ta gwada shi a horo, wani ya tsaya a gabana ya ɗaga hannu, don wannan ɗan abin ne ya kusa cinye mini wata goma sha shida.

Na huta mako guda bayan gasar. Ran Litinin da na koma, koci ta buɗe sabon shafi ta rubuta 60, sau biyar, zagaye uku. Mahaifiyata kuma likitar fisiyon nan ce ke duba ta yanzu, tana tashi daga kujera sau takwas a jere rungume da ƙarfe mai kilo huɗu, kuma ta sa na sayo mata nata littafin.